Abba, in dai don Orkawa ne ka ɗauki ESO, ka ƙyale WoW

Abba na ga tambayarka tun jiya a guruf, wai tsakanin gem ɗin World of Warcraft (WoW) da Elder Scrolls Online (ESO) wanne ne ya fi ba Orc, koren mutanen nan masu haure na cikin gem, haƙƙinsa ta ɓangaren al'ada da tarihi tunda kuɗin guda ɗaya kake da shi. Toh ESO zaka ɗauka, ka wuce Wrothgar, ƙasar Orkawa, kai tsaye ka buga labarin birninsu Orsinium, shikenan. Duka biyun na sa musu kuɗina, ɗaya har yau yana kan laftof ɗina, ɗayan kuwa tuni na goge shi na samu fili.

Bari in fara da wanda nake so ɗin. Orsinium ya fito ne a Nuwamban 2015, kamfanin ZeniMax Online suka yi shi a matsayin ƙari kan ESO wanda shi kuma ya fito a 2014, kuma su da bakinsu suka ce labarin ya haura awa 20, wlh ba su yi ƙarya ba in dai kai mai tsayawa sauraron mutane ne ba mai danna wucewa ba. Kana shiga garin abin da zaka fara gani gini ake yi, katako an kakkafa jikin bango, duwatsu a zube, ma'aikata na kai da kawowa, domin Sarki Kurog ne ke sake tada birnin da maƙwabtansu Breton da Redguard suka sha rushewa, na farkon ma sai da aka yi masa ƙawanya ta shekara 30 kafin ya faɗi. Kurog ya samu ƙasar ne bayan ya taimaki Sarki Emeric a yaƙi, ya shiga ƙawancen Daggerfall, wato ya haɗa kai da jikokin mutanen da suka ƙona garin kakanninsa, kuma kar ka ɗauka duk Orkawa sun yafe masa wannan.

Anan ne abin yake da daɗi, domin Orkawan ESO ba bakinsu ɗaya ba kan mene ne ma al'adar tasu. Masu zaman duwatsu, kowace ƙabila da ganuwarta da sarkinta, suna kan tsohuwar hanya ta Malacath, abin bautarsu na rantsuwa da ramuwar gayya da waɗanda duniya ta yasar. Shi kuma Kurog da mahaifiyarsa Alga sun ɗauko Trinimac, wanda a tatsuniyar gem ɗin shine asalin jarumin kafin Boethiah ya haɗiye shi ya fito a matsayin Malacath, mabiyansa kuma suka rikiɗe suka zama Orkawa. Toh kaga rigima kenan, ɗaya ɓangaren na cewa mu koma asalinmu mu zama mutanen birni a daina yi mana kallon dabbobi, ɗayan na cewa wannan asalin da kuke faɗa na Elf ne, so kuke ku wanke kanku don baƙi su karɓe ku. Bazrag, sarkin ƙabilar Fharun, tsohon abokin Kurog ne amma ya tsaya kai da fata ba zai bi ba. Akwai kuma Solgra, shugabar ɗakin bautar Trinimac, mace mai hankali da tausayi, sannan ga wasu masu tsattsauran ra'ayi da ake kira Vosh Rakh suna kashe mutane da sunan abin da ita ma take bautawa. Babu ɓangaren da aka ba gaskiya gaba ɗaya. (Kafin wani ya zo min da wa'azi a ƙasa, tatsuniyar gem ce dai nake ba da labari.)

Shi kanshi Kurog ɗin sai ka so shi kafin ka fara tsoronsa. Mutum ne mai ci, mai dariya, zai zaunar da kai a wurin cin abinci yana maka zancen girki kamar ba sarki ba, kun je tare kun yaƙi 'yan Winterborn kun dawo kuna raha, sai kuma a fada gaban sauran sarakunan ƙabilu wani ya gaya masa magana ya kashe shi nan take. A lokacin na ajiye hannu daga kibod na ce toh fa. Daga nan ba zan ƙara ba kar in ɓata maka labarin, amma ƙarshensa akwai jana'iza, kuma waɗanda ka taimaka a hanya suna zuwa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ji abin da kowa zai ce.

Ƙabilun ma ba suna da tuta kawai aka ba su ba, kowacce da abin da take ci da shi. Morkul maƙera ne. Tumnosh masu fasa dutse ne, su ke da wurin haƙar duwatsun da ake ginin birnin da su. Shatul makiyaya ne, suna kiwon wata dabba mai suna echatere, wata halitta mai gashi da haure da ƙafafu barkatai wadda in ka fara ganinta zaka ce me wannan, daga baya ka saba har ka riƙa jin tausayinta. A cikin ganuwa sarki ne kaɗai ke aure, kuma matansa kowacce da ofis ɗinta, akwai matar maƙera da ke riƙe da wuta da ƙarfe, akwai matar farauta, akwai ta murhu mai kula da gida, akwai ta garkuwa mai tsaron lafiyarsa. Sarauta ba a gadonta a zaune, sai wani ya ƙalubalanci sarki ya kayar da shi. Ba su da kurkuku, in ka yi laifi diyya zaka biya, ko da zinariya ko da jininka har sai wanda ka zalunta ya ce ya isa. Wanda ya buga Skyrim na 2011 ya ga ɗan wannan a Largashbur da Dushnikh Yal, amma can leƙe kawai kake yi daga bakin ƙofa, a Wrothgar kuwa cikin gidan kake, kana ganin yadda dokar ke danne wasu, yadda ɗiyar sarki ake aurar da ita wata ganuwar ko tana so ko bata so, yadda samari ke guduwa birni saboda a gida ba zasu taɓa yin aure ba sai sun kashe uba ko ɗan uwa.

Wani dare a gida nan Kubwa an ɗauke wuta, inbata ce ke riƙe da ni, ƙanwata da ta zo hutu daga makaranta tana gefe tana cin gyaɗa tana danna waya, ita gem bai dame ta ba sam, kullum cewa take yaya kai da waɗannan koren mutanen naka. Ina cikin mishan ɗin Morkul, inda kake raka Ashaka ɗiyar sarkinsu zuwa wani wuri mai suna Morkuldin don neman tsohuwar gudumar ƙabilarsu, abin alfaharin da aka rene ta da labarinsa tun tana ƙarama. Muna shiga ciki sai gaskiya ta fito, ashe maƙerar kakannin nata da jinin mutane take aiki, shine sirrin ƙarfen da ake yabo, shi yasa ma aka binne wurin aka yi shiru. Ashaka ta juyo tana tambayata ya za ai, a faɗa wa ƙabila a koma ga maƙerar ko a rufe maganar. Ban ankara ba sai ji nayi ƙanwata ta ce kar ka kuskura ka ce ta ɓoye, ai gara su sani. Na ce in sun sani kuma suka ce zasu ci gaba da amfani da ita fa, tunda ga yaƙi a gabansu? Ta matso da kujera ta ajiye wayar. Muka yi ta musu, ita tana cewa wanda ya ɓoye wa 'ya'yansa abin kunyar gida wata rana a waje zasu ji kuma ya fi ciwo, ni ina cewa wani sirrin rufe shi rahama ne, Ashaka na tsaye a allo tana jiranmu har inbata ta fara ƙara. Ƙarshe nata aka bi. Tun daga ranar in ta kira ni sai ta tambayi labarin Bazrag kamar wani kawunmu.

Akwai kuma gidan tarihi a cikin birnin, House of Orsimer Glories, wata mai kula da shi Umutha zata baka jerin kayan tarihin da suka ɓace ka bi duwatsu da kangaye kana tsinto su, kowanne ka kawo a ɗora shi a mazauninsa da ɗan bayaninsa. Ni da farko na ɗauka aikin cike lokaci ne, amma shi ya kai ni kangon tsohon Orsinium da Honor's Rest, ya sa na hau dutsen Sorrow cikin ƙanƙara inda kabarin Torug yake, wanda ya kafa birnin farko. Ɗakin da ka tarar wayam kana gani yana cika da hannunka.

Ba wai ESO bashi da haushi ba. Faɗan cikinsa bashi da nauyi, kana sara da gatari kamar kana kaɗa iska, kuma jakarka kullum a cike take da tarkacen sana'a domin jakar da bata cika ɗin sai mai biyan ESO Plus, wato kuɗin wata na ganin dama, ake ba, ga shagon Crown na cikin gem kullum yana maka talla a fuska. Amma tun Maris 2015 suka cire dolen biyan kuɗin wata, ka siya sau ɗaya naka ne, kuma tun gyaran One Tamriel na 2016 ba ruwanka da lebul, sabon karakta ma zai iya tafiya duk inda yake so. Lokacin da na siya Orsinium daban ake sayar da shi da Crown ko ka same shi cikin ESO Plus, suna yawan sauya tsarin kunshin nasu, don haka ka buɗe shagon ka ga abin da ke cikin wanda zaka biya kar ka siyi abu sau biyu.

WoW kuma, hmm. Kuɗin wata na biya na dala 14.99 ga canjin dala yadda yake, saboda mishan ɗin gadon Orkawa da suka saki a Maris 2023 cikin facin 10.0.7 na Dragonflight, na yi ta fama har lebul 50 domin sai ka kai nan ake buɗe maka, na gama shi a zama ɗaya ban ko tashi shan ruwa ba, sai na tsaya ina kallon allo ina cewa shikenan?

Kuma abin da ya fi bani haushi shine Blizzard, masu WoW, sun fi kowa kayan aiki. Tun 1994 suke da Orkawa, tun Warcraft na farko. Suna da Draenor, duniyar Orkawa ta asali, suna da ƙabilu irin su Frostwolf na Durotan da Draka, Warsong na Grommash, Blackrock, Bleeding Hollow na Kilrogg da ke cire ido ɗaya don ya ga ranar mutuwarsa, Shattered Hand na Kargath da suka yanke hannu suka sa wuƙa a wurin, Shadowmoon na Ner'zhul masu duban taurari. Suna da labarin yadda Gul'dan ya sayar da jama'arsa suka sha jinin Mannoroth, suka yi wa Draenei kisan ƙare dangi har aka shimfiɗa hanya da ƙasusuwansu, wadda har yau tana nan a Hellfire Peninsula kana takawa. Suna da sansanonin da aka tsare su bayan yaƙi na biyu, da Thrall da ya tashi bawa a hannun Blackmoore a Durnholde bai san harshensu ba bai san kowa nasa ba, ya zo ya kafa Durotar da sunan ubansa. Jama'ar da aka raba da ƙasarsu, yaransu suka tashi ba su san komai na gida ba, manyansu kuma na ɗauke da abin kunyar da ba sa iya faɗa, wannan ai labari ne da zai ci wata guda ana bugawa.

Me suka yi da shi? Biki. Wani dattijon Orc mai suna Eitrigg ya kira ka, an dawo da taron Kosh'harg wanda a da ake yi a gindin Oshu'gun a Nagrand sau biyu a shekara, yanzu an kawo shi Razor Hill, Aggra matar Thrall ta ce ga sabuwar al'ada om'gora, ka nemo albarkar ƙasa da ta ƙabila da ta kakanni. Ka zaɓi ƙabila cikin shida, ka fita farauta, ka dafa abinci ka ajiye wa magabata, a baka sulke a yi maka kirari a watse. Ya tuna min ranar al'adu ta makarantar firamare a nan Abuja, a ɗaura wa yaro rawanin aro a bashi sanda ya yi rawa minti biyar iyaye su ɗauki hoto, gobe ya koma yunifom. Ƙabilar da ka zaɓa bata canza maka komai mai nauyi ba, 'yan layukan magana ne, ba wanda zai ce maka mu Warsong ba ma zama inuwa ɗaya da wane, ba wanda zai ƙi ka, kowa murmushi kowa ɗan uwa, Shattered Hand da Frostwolf na cin nama a faranti ɗaya kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakani. Maganar jinin da aka sha da mutanen da aka kashe ana taɓa ta ne sama-sama a wuce kar biki ya lalace.

Zan ba su abu biyu don kar abokinmu Sadiq ya ce na yi son kai, na san shi ɗan Horde ne na gidi, wato ɓangaren da Orkawa suke a WoW. Wurin da tsohon jarumin Orc Saurfang ya bayyana cikin magabata ya taɓa ni, duk wanda ya ga mak'gora ɗinsa, wato fito-na-fito, da Sylvanas a ƙofar Orgrimmar a 2019 dole ya ji wani abu. Kuma sulken yana da kyau, ba ƙarya. Da yawa cikin masu buga WoW ma suna sa wannan mishan ɗin cikin mafi kyawun na gado da aka yi, ni kuma ina ganin hakan ya nuna yadda sauran suke ne kawai. Amma ka lura duk daɗin da ke ciki na wanda ya shekara goma sha yana bugawa ne, ya san waye Drek'Thar, ya san Mankrik da neman matarsa a Barrens, yana ganin fuska yana tuna baya. Kai da zaka shigo yau sunaye ne kawai zasu riƙa wuce ka. Mafi yawan tarihin ma baya cikin gem ɗin da zaka biya wa kuɗin wata, yana Warcraft III na 2002 da littattafai da tsofaffin yankunan da ba mai zuwa yanzu. In kana son ka ɗanɗana kyauta ne har lebul 20, ka yi Orc ka zaga Durotar ka ga Orgrimmar, ya ishe ka, kar ka sa kati.

Abin dariyar ma duk wanda ka zaɓa aljihu ɗaya kuɗin ke shiga, Microsoft ta sayi ZeniMax a 2021 ta zo ta haɗa da Activision Blizzard a 2023, don haka masu faɗan kamfani a guruf ɗin nan ku huta.

Yanzu maganar da baka tambaya ba amma ita ce zata cece ka. Dan Allah kar ka siyi akawun a hannun kowa. Masu tallan nan na Instagram da Telegram da ke cewa akawun mai lebul ƙarshe da duk ƙarin gem a rabin kuɗi, ƙarya ce ko sata. Dokar kamfanonin biyu ta hana sayar da akawun, in an gano rufewa ake yi, in ba a gano ba ma mai shi na asali yana da imel ɗin farko da rasit, rana ɗaya zai rubuta musu ya ce an yi masa kutse su mayar masa, kai kuma ka tashi ba gem ba kuɗi ba wanda zaka kama. Wani yaro a unguwarmu haka aka yi masa, ya kwana biyu yana murna, ranar da ya zo nuna mana fasawod ya ƙi shiga, mai sayarwar kuma ya toshe shi. Haka masu shagon da zasu ce kawo laftof mu zuba maka ESO ko WoW ka biya kuɗin kwafi, waɗannan gem ɗin a intanet suke gudana, fayil ɗin da suka zuba maka ba zai buɗe komai ba sai da akawun mai lasisi, in ma ya buɗe to sabar bayan fage ce ba ta kamfani ba. Abin da kwafin zai amfane ka kawai rage data, domin kowannensu yana cin wajen gig ɗari, toh in don wannan ne ka zo da hard disk ɗinka in zuba maka kyauta.

Sai gif kad. Katin Steam da na PlayStation duk suna da yanki da kuɗin da aka yi su da shi, PlayStation ma babu Najeriya a jerin ƙasashensu shi yasa kowa ke buɗe na Amurka ko Ingila, toh in akawun ɗinka na Ingila ne aka sayar maka da katin Amurka ba zai shiga ba kuma mai shago zai ce ai ka riga ka ga lambar. Ka faɗi yankinka kafin ka tura kuɗi, in a shago ne a Wuse ka loda shi a gabansa kafin ka fita, wanda ya turo maka hoton kati an riga an kankare kuwa ka mayar masa abinsa. Kuɗin da ya yi arha fiye da canjin ranar shima ka guje shi, yawanci da katin banki na sata aka siyo, in aka janye kuɗin akawun ɗinka ne zai sha hukunci.

In a PS5 zaka buga ESO ka sa kuɗin PS Plus, wanda ake biya don buga gem a intanet, a lissafi domin sai da shi, WoW kuwa babu shi a konsol kwata-kwata, kwamfuta ce kawai. Kuma wajen buɗe karakta ka zaɓi sabar Turai, tana Jamus ta fi kusa da mu, ta Amurka jinkirinta zai sa ka tsani faɗan da dama can ba wani daɗi gare shi ba, ga shi ba a ɗauke karakta daga wannan sabar zuwa waccan. Ka jira lokacin ragi a Steam, ESO na yawan faɗuwa ƙasa sosai, ka yi Orc ɗinka, in ka shiga ka turo min sunanka ta DM in ja ka zuwa Wrothgar don kar ka ɓata a hanya.